Gonar Wa Ake Aunawa?

A hutun da ya wuce na je gaida kawuna a wani ƙauye kusa da Kura, na tarar da baƙi uku a gonarsa. Ɗaya yana jan igiyar awo, ɗaya yana rubutu, na ukun kuwa, wanda daga baya na gane dillali ne, yana ta nuna gabas da yamma da makullin mota. Babu wanda ya tambayi buhu nawa na shinkafa gonar take bayarwa. Abin da suka so sani shi ne nisanta da titin Zariya, da kuma ko ruwa yana kwanciya a cikinta. Watau ruwan da ya mai da ita gona, a wurinsu aibi ne. Suka ƙiyasta fuloti nawa za ta fitar, suka faɗi kuɗi, suka tafi.

Tun ran nan nake ta juya tambaya guda a raina: shin cinikin irin wannan gona tsakanin mai ita da mai saye kaɗai yake, ko kuwa akwai masu haƙƙi da ba a kira su ba?

Bari mu fara ba mai saye gaskiyarsa. Birnin Kano ya cika ya batse, kuma muhalli ba kayan alatu ba ne. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da aka gina tsakanin 2011 da 2015 sun nuna cewa gari ya miƙe ta hanyar Zariya. Hasali ma sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke hanyar Gwarzo gonakin mutane ne a da, saboda haka mu 'yan boko kada mu cika ɗaga murya.

Shi ma manomi yana da tasa. Da na nuna wa kawuna rashin jin daɗina sai ya ce, "Ɗan nan, kai karatu kake. Ni na san kuɗin taki." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya ga yadda tsutsa ta cinye tumatirin Kadawa a 2016, ko ya ga kwanduna suna ruɓewa a Kwanar Gafan a shekarar da kaya ya yi yawa, ba zai yi saurin zargin manomi ba.

To amma, ya kai mai karatu, daga ina darajar gonar ta fito? Kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, yawancin wannan ƙasa sau ɗaya take haihuwa a shekara. Da kuɗin jama'a aka yi madatsar, da su aka haƙa babban kanal da rassansa, da nufin shayar da hekta wajen 22,000 a yankin Kura da Bunkure da Garun Malam. An tashi ƙauyuka domin tafkin ya sami wurin kwanciya. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar da masunta da makiyaya da manoma suka dogara da ita ta ragu, domin an tare ruwan a nan. Ashe ruwan da ke shiga gonar kawuna wasu ne suka rasa shi kafin ya samu. An karɓe musu ne bisa alkawarin cewa za a noma abinci da shi. In aka zuba siminti a wurin, mai gona ya karɓi kuɗinsa, dillali ya karɓi la'adarsa, su kuwa waɗancan an ci da guminsu sau biyu.

Akwai kuma abin da igiya ba ta iya aunawa. Gona takan zama unguwa cikin rani guda, amma ban taɓa jin unguwar da ta koma gona ba. Tudun da za a yi gini yana da yawa. Ƙasar da ruwa ke zuwa mata da ƙafarsa, ba inji ba fetur, kaɗan ce ƙwarai.

Doka fa? Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana. A takarda wannan ya isa ya kare gonakin. Sai dai dokar nan ta tanadi cewa in hukuma ta karɓi fili, diyyar da za ta biya ta abin da aka shuka ko aka gina ce, ba ta ƙasar kanta ba. Manomin da ya hango gari yana matsowa sai ya yi lissafi: gara in sayar wa mai awon igiya yau da a ba ni kuɗin karan dawa gobe. Da haka tsoron amintaccen yake kora mutane su rabu da amanar.

Ra'ayina shi ne, ƙasar da kanal ya ratsa bai kamata a yanka ta fuloti ba, ko nawa aka taya. Amma ba na yarda a ɗora wa manomi nauyin wannan hukunci shi kaɗai. In al'umma ta ce masa, "Riƙe mana wannan gona domin jikokinmu," to ta zama mai bashi a wuyanta: yashe kanal, da taki a kan kari, da kasuwar da ba za ta karya shi ba. Wanda bai biya wannan ba, ba shi da bakin hana shi.

Kawuna dai bai ce a'a ba, bai kuma ce i ba. Ya shuka alkama da sanyin bana. Dillali ya ce zai dawo bayan girbi.