Wanda Guzuri Ya Yanke Masa

Ɗana, labari ya iso mini cewa wani matafiyi ya tsaya a bakin shagonka a Jigwada da ke Keffi, ya ce daga Lafiya yake, an yanke masa aljihu a mota, kai kuma ka ce ya ƙara gaba, irinsu ka sha gani. Ban ji daɗi ba. Ban so in yi maka faɗa a gaban yaran shagonka ba, shi ya sa na rubuto.

Ban ce babu 'yan damfara ba, akwai su. To amma wa ya ce lallai sai ka damƙa wa matafiyin kuɗi a hannu? Ka sa mai shayi ya haɗa masa shayi da burodi. Ka ara masa waya ya kira gida. In da hali, ka raka shi tasha ka biya direba da hannunka. Maƙaryaci a nan yake sulalewa, tun kafin ku isa bakin mota.

Ko ka manta da Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi? Kuɗinka na banki, tsaba ta gagara, layin masu POS har titi. Da bakinka ka ba ni labarin yadda dare ya yi maka a Mararraba, ka tura kuɗin mota ta waya suka ƙi tafiya, yaron mota ya dube ka ya ce, "Hau kawai, Malam." Wata dattijuwa a kujerar baya ta ɓalle ƙullin gyaɗarta ta zuba maka a tafi. Har yau ba ka san sunan ko ɗayansu ba, su ma ba su nemi shaidar gaskiyarka ba.

Keffi gari ne na kan hanya. Mai zuwa Abuja, mai zuwa Akwanga, ɗalibin jami'ar jiha da iyayensa ke nesa, duk nan suke ratsawa, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfin mutane da yawa. Abdu Zanga da ya kafa garin ma daga arewa ya zo. Ka kuma tambayi malaminku: matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin mutum takwas da ake bai wa zakka, ko da mai arziki ne a garinsu.

Gobe in wani ya zo, ka zaunar da shi a benci, ka ba shi ruwa tukuna, sannan ka yi masa tambayoyinka. Ka gaida iyali. Allah ya yi maka albarka.