Mai Haɓo da Mai Rauni: Wa Ke da Haƙƙin Komowa?

A filayen ƙwallo na Sabon Birni da Isa, inda ƙungiyar ƙauye kan zo da mutum sha ɗaya cif babu ɗan canji, akwai gardamar da ba ta ƙarewa: wanda ya ji rauni ya fita, abokansa suka ci gaba su goma, in ya samu sauƙi yana da ikon komowa? Dokar ƙwallon ƙafa ta yarda, muddin ba a sa wani a gurbinsa ba kuma alƙalin wasa ya yi masa izini. A wasan softball na Amurka kuwa akwai dokar da ta fi tsauri: wanda ya fita ya bar ƙungiyarsa da giɓi ba ya komowa, sai in jini ne ya fitar da shi. Ni ina tare da ta farko, kuma hujjata daga zauren karatu take.

Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san hukuncin mai haɓo a bayan liman. Yana fita ya wanke jinin, ya dawo ya ɗora a kan abin da ya riga ya sallata, da sharaɗin bai yi magana ba, bai taka najasa ba. Malaman Malikiyya sun ƙara da cewa kada ya wuce ruwa mafi kusa. Ma'anar a fili take: uzuri daban, laifi daban. Wanda aka kayar a langa ya fita ke nan, domin ƙa'idar wasan ce ta ci shi, amma wanda targaɗe ya fitar bai karya ƙa'idar kowa ba. Hana shi komowa hukunci ne biyu, ɗaya a kansa, ɗaya a kan mutum goman da suka riƙe masa wuri da guminsu.

Za a ce ai wannan ƙofar wayo ce, mai gajiya zai kwanta ya huta sannan ya dawo da sabon ƙarfi. Gaskiya ne ana yi, kowa ya sha gani. Sai dai fiƙihu bai soke rangwame don tsoron maƙaryata ba, sharaɗi ya kewaye shi da shi. Haka fili ya yi: ƙungiyar tana biyan kuɗin hutun da raguwar mutum ɗaya, lokacin shigowa kuma yana hannun alƙali. Limamin ma da haɓo ya sa ya wakilta wani, in ya dawo mamu yake zama.

Suka mafi nauyi ita ce ta lafiya. A 1970, a Meziko, ɗan wasan Jamus ta Yamma, Beckenbauer, ya ƙarasa wasansu da Italiya da kafaɗa a goce, an ɗaure masa hannu, saboda canjinsu ya ƙare. Ana kiran wannan jarumta, amma jiki amana ne, kuma shari'a ta hana mutum cutar da kansa. Haƙƙin komowa na wanda uzurinsa ya gushe ne. Shi ya sa a 2024 hukumar dokokin ƙwallo, IFAB, ta tabbatar da damar ƙarin canji ga wanda ya bugu a kai, shi kuma ba ya dawowa. A filin da babu likita, wannan nauyi kan alƙalin wasa da dattawan ƙungiya yake, ko da yaron yana rantsuwa ya warke.