Wa ya ɗaure wa, mamaci ko mai rai?

Kwanakin baya, tsakanin Azahar da La'asar, lokacin da kasuwa kan yi sanyi, muka tarar da yaran shagonmu sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Mai sayen wake ya yi sallama sau biyu ba wanda ya amsa masa. Da muka leƙa sai ga wata ƙatuwar halitta fara fat, haƙora zaƙo-zaƙo, tana kiran sunan wani yaro da muryar ƙaramar yarinya. Muka yi a'uzubillahi, muka ce wannan kuma wace ce? Suka ce, "Baba Malam, ai Rika ce." Faɗa muka yi niyyar yi, amma tun da ba a hukunci a kan abin da ba a sani ba, sai muka ce bayan an rufe shago su kunna mana daga farko, babban cikinsu yana fassara mana rubutun Turancin da ke fitowa a ƙasa.

Labarin na ƙasar Japan ne. Wani mai zane da ke amfani da sunan Gege Akutami ya fara fitar da shi a 2017 a matsayin manga, wato irin littattafansu na labari cikin zane, daga baya kamfanin MAPPA ya mayar da shi fim ɗin katun a watan Disamba na 2021, da sunan Jujutsu Kaisen 0. Rika Orimoto yarinya ce 'yar shekara 11. Ta shaƙu da wani yaro, Yuta Okkotsu, har ta ba shi zoben mahaifiyarta suka yi alkawarin aure in sun girma, irin alkawarin ƙuruciya. Rannan mota ta take ta a gaban idonsa, ta mutu nan take. Tun daga ranar ta koma fatalwa mai ramuwar gayya, tana manne da shi. Duk wanda ya taɓa Yuta ya gamu da ita. Wasu ɗalibai huɗu da ke cin zalinsa a makaranta, ta tattara su ta cusa a durowar ƙarfe guda ɗaya, sai da ƙyar aka ciro su da rai. Manyan masu kula da irin waɗannan al'amura suka yanke wa yaron hukuncin kisa, shi ma ya yarda, don ya gaji da ganin ana jikkata mutane saboda shi. Wani malami mai suna Gojo ne ya tsaya masa, ya kai shi makarantarsu a Tokyo ya koyi yadda zai warware abin.

Kafin mu yi nisa, kada wani ya je majalisa ya ce Malam ya ce akwai fatalwa. Wanda ya mutu ya tafi. Suratul Mu'minun ta gaya mana akwai shamaki tsakaninsa da dawowa har ranar tashi. Kuma fim ɗin cike yake da tsafi da zubar da jini, ba abin da za a sake wa ƙananan yara ba ne su kwana a kai. Mun ɗauke shi kamar yadda muka ɗauki tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi: ba wanda ya yarda gizo na magana, amma an sha gane halin wani mutum a bakin gizo.

Abin da ya hana mu barci a daren nan shi ne ƙarshen labarin. Shekara 6 kowa na cewa Rika ce ta kama Yuta, shi kansa haka ya ɗauka. Sai a ƙarshe ta bayyana cewa shi ne ya kama ta. A lokacin da ya ga gawarta a kan titi, zuciyarsa ta ƙi yarda ta mutu, wannan ƙin yardar ne ya ɗaure ta, ya mayar da ita dodo. Yarinyar ba ta nemi a cusa kowa a durowa ba. Ciwon mai rai ne ya ari fuskar mamaciya ya fita yana ɓarna da ita.

To jama'a, wannan fa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ko da ba mu da fatalwa. Sau nawa muka ji an ce "jinin wane ba zai kwanta ba"? Sau nawa aka ce "ba zai samu salama a kabarinsa ba sai an rama masa"? Wa ya je kabarin ya jiyo? Mu ne dai muke jin zafi, kuma zafin gaskiya ne, amma maimakon mu ce "ni nake son ramuwa", sai mu ce "shi yake so". Akwai dalili. In ka ce kai kake so, za a iya ba ka haƙuri, dattijo zai iya dafa kafaɗarka, kai ma wata rana za ka iya hucewa. In ka jingina abin ga mamaci, ka rufe ƙofar sulhu, don ba mai zuwa ya ba mamaci haƙuri, kuma duk wanda ya ce a tsaya sai a ce ya ci amanar marigayi.

Larabawan jahiliyya har tsuntsu suka yi wa wannan tunani. Suna cewa in an kashe mutum ba a ɗauki fansarsa ba, wani tsuntsu mai kama da mujiya, wanda suke kira hama, yakan fito daga kansa ya dinga kewaya kabarin yana kukan ƙishirwa, ba zai yi shiru ba sai an zubar da jini. Da irin wannan zuciya ce Bakr da Taglib suka kwashe kusan shekara 40 suna yaƙin Basus, abin da ya faro daga raƙuma guda. Manzon Allah (SAW) ya kore samuwar hama a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito. A Hajjin Bankwana kuma ya soke duk wani bashin jini na jahiliyya, ya fara da na gidansu, jinin ɗan Rabi'a bin Haris wanda Huzail suka kashe. Da na gidansu ya fara, ku lura da wannan.

Su ma Japanawa ba daga sama suka samo Rika ba. A cikin labarin an ce Yuta jinin Sugawara no Michizane ne, shi kuwa wannan mutum an yi shi da gaske. Malami ne kuma babban bafade, aka yi masa sharri a fada, aka kore shi zuwa Dazaifu a 901, ya mutu can a 903. Bayan mutuwarsa sai masifu suka biyo baya. Fujiwara no Tokihira, wanda ya jagoranci korar tasa, ya mutu a 909 da sauran ƙuruciyarsa. Yarima mai jiran gado ya mutu a 923. A 930 tsawa ta faɗa fadar sarki ta kashe fadawa, Sarki Daigo kansa bai ƙarasa shekarar ba. Sai fada ta tsorata, aka ce Michizane ne ke ramawa. Aka mayar masa da muƙaminsa yana kabari, aka gina masa wurin bauta a Kitano da ke Kyoto a 947, har yau ɗalibai na zuwa can lokacin jarrabawa, wa'iyazubillahi. Tsawa dai tsawa ce, ajali kuma ajali ne. Amma wanda ya san ya yi zalunci, ko ƙofa ce ta yi ƙara da dare sai ya ji kamar an kira sunansa. Ka ga ke nan fatalwa iri biyu ce, kuma duk masu rai ne ke haifar ta: ta wanda ya yi rashi ya ƙi saki, da ta wanda ya yi cuta ya ƙi tuba. Da sun mayar wa mutumin haƙƙinsa yana numfashi, da ba su buƙaci ginin ba.

Mu mazauna Sabo mun fi kowa sanin kuɗin da ake biya a kan wannan. Manyanmu ba su manta da Shagamu ba a watan Yuli na 1999, da abin da ya biyo baya a Kano cikin 'yan kwanaki, inda aka far wa mutanen da ba su da hannu a abin da ya faru a Shagamu, da sunan an rama wa 'yan uwa. Matasanmu kuma sun ga na kasuwar Shasha a Ibadan a watan Fabrairun 2021. Duk lokacin da wani ya tashi rama wa mamaci a can gida, mu ne a nan muke kwana da takalmi a ƙafa. In kuma a nan aka taɓa mu, wani mai gyaran mota ko mai kemis da ke zaune lafiya a Sabon Gari shi zai kwana haka. Waɗannan su ne yara huɗun cikin durowa. Ko a fim ɗin ma, su huɗun aƙalla sun taɓa Yuta. Namu ko wannan babu.

A nan ne muka ɗan saɓa da mai labarin. Da gaskiya ta fito, Yuta ya durƙusa yana kuka yana cewa laifinsa ne, sai Rika ta dawo siffarta ta yarinya, ta rungume shi, ta nuna masa ba ta riƙe shi da komai ba, har ta ce zaman nan ya yi mata daɗi, sannan ta tafi. Yaranmu har da share hawaye. Mu kuwa muka ce, to waɗanda aka kakkarya fa? Ba a koma kansu ba. Yafiyar Rika ta wanke abin da ke tsakaninta da Yuta kawai. Haƙƙin wanda aka jikkata yana nan, mai shi ne kaɗai zai yafe. Mutum ba zai ce so ne ya sa ni ba, a ce shi ke nan an gama. Da yawa daga cikin ɓarnar da muka gani da idonmu, masu yin ta suna kuka suke yi, kuma da gaske suna son wanda suka rasa.

Kada kuma a fahimce mu a karkace. Addini bai ce mutum ya zama dutse ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, ya zo ya musulunta an karɓa, amma Annabi ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. Ciwon bai tafi ba, hannu ne aka riƙe. An yi wa makoki iyaka, kwana uku, matar mamaci kuma takaba wata huɗu da kwana goma. An ba waliyyin wanda aka kashe haƙƙi: ko ƙisasi, ko diyya, ko afuwa. Amma ku duba hannun wa aka danƙa wa zaɓin. Mai rai ne, sananne, wanda za a iya zama da shi a yi magana, kuma Suratul Isra'i ta gargaɗe shi kada ya wuce gona da iri. Zartarwa ta hukuma ce, a kan wanda ya aikata shi kaɗai, ban da ƙaninsa, ban da ɗan garinsu, ban da mai jin yarensu.

Babban yaron namu, wanda ya yi mana fassara, shi ya yi mana tambayar da ta fi nauyi. Ya ce, "To Baba Malam, in hukumar ba ta yi komai ba fa?" Ba mu da amsa mai daɗi. Mun ga an kama mutum da safe an sake shi da yamma. Mun ga fayil ya ɓace. Wanda ya ce wa mai irin wannan ciwo ya yi haƙuri kawai, alhali shi bai taɓa taka ƙafa ya raka shi ofishin 'yan sanda ba, bai yi masa adalci ba. Neman haƙƙi wajibi ne a kanmu gaba ɗaya: a rubuta sunaye da rana, a nemo shaidu, a bi ta hannun Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa, a haɗa kuɗin lauya kamar yadda muke haɗa na biki, a yi ta zuwa kotu ko sau nawa aka ɗage. Hanya ce mai gajiyarwa, wani lokaci ma ba ta kai wa. Amma in ta gaza, abin da ya rage shi ne shari'ar da fayil ba ya ɓata a cikinta. Gazawar hukuma ba ta halatta mana jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Wanda kuma zuciyarsa ta ci gaba da tafasa, to ya kira fushin da sunansa, ya ce nawa ne, ya san shi za a tambaya a kai. Ya bar marigayi ya huta.

In ma da gaske muna son mu yi wa mamaci wani abu, ai an gaya mana abin da yake isa gare shi: a biya masa bashi, a yi masa addu'a, a yi sadaka, a riƙe abin da ya bari. Shekarun baya mun sallaci wani ɗan dako da aka rasa a wata hatsaniya. A maƙabarta matasa sun fi hamsin, ana ta rantsuwa a kan jininsa, da ƙyar dattawa suka mayar da su gida. Bayan wata uku mai gidan haya ya zo karɓar kuɗi wurin matar, tana cikin takaba da 'ya'ya uku. Muka yi cigiya a masallaci bayan sallar Magariba. Mutum huɗu suka tsaya, uku daga ciki tsofaffi ne.

Washegarin kallon nan, mun ji ƙaramin yaron shagon yana gardama da ɗan uwansa a bayan buhuna, wai shi har yanzu Rika ce gwanarsa, don ba wanda ya isa ya taɓa nata. Ɗayan ya ce ai ba ita ba ce, Yuta ne. Muka bar su suna yi, muka ce wani ya zo ya auna wa Hajiya gero.