Juya Katin, Saƙa Na Tafe!

Ku masu koyon saƙar kati! Kun yanka kwali mai kusurwa huɗu, kun huda kowace kusurwa, kun zura zare, kun ɗaure baki ɗaya a ƙofa, ɗaya a ƙugu. Kun juya, kun wuce da ƙoshiya, kun buga. Da kuka duba, sai ga ɗamara nan faɗi, can tsuke, ado ya karkace kamar sawun maciji. To, sai me? Wa aka haifa da ƙoshiya a hannu? Ku gyara zama, yanzu aka fara!

Wannan ɗamarar da kuke ɓoyewa malama ce, kowane aibinta da dalilinsa. Gefe ya yi ciki da waje? Jan zaren kwance ne bai daidaita ba. Ku ja shi daidai kowane zuwa. Ado ya wargaje a wuri ɗaya? Kati ɗaya ne aka zura masa zare ta baya maimakon ta gaba, ko ya tsallake juyi. Ku nemo shi. Zaren tsaye ya murɗe a bayan katunan har sun ƙi motsi? Haka sana'ar take: kowane juyi na tara murɗa. Ku yi huɗu gaba, huɗu baya, ku ga yadda za ta warware da kanta. Lissafi ya ɓace? Ku shafa launi a gefe ɗaya na katunan, ido ya riƙa tuna muku. Ciwon da aka san maganinsa ai ba ya kwantar da mutum. Ku kwance, ku sake!

Kada ku raina kwalin nan. A shekarar 834 aka binne mata biyu cikin jirgin ruwa a Oseberg ta ƙasar Norway. Da aka tono shi a 1904, sai ga katunan katako 52 da zarensu a jiki, saƙar ba a gama ba. Fiye da shekara dubu, aikin hannu na nan yana ba da shaida! A Gondar ta Habasha kuwa, masaƙa sun jera ɗaruruwan katuna suka saƙa labulen coci na siliki mai tsawon fiye da mita 5. Da me suka yi? Da juyin nan da ke hannunku: a juya, a wuce da zare, a buga. Sun dai fi ku yawan maimaitawa ne, maimaitawa kuwa wa ya hana ku?

Ku fara da kati goma da zaren auduga mai ƙwari, launi biyu. Baya zai yi tsami, yatsu za su gaji, wata rana zaren zai cukurkuɗe har ku ji kamar ku jefar. Ku sha ruwa, ku dawo. Taƙi ɗaya yau, kamu ɗaya gobe, jibi ga bel, ga maratayin jaka, ga adon bakin riga da mai saye zai juya yana tambayar kuɗinsa.

Ɗamarar farko kuma ku adana ta. Ranar da wani ɗan koyo ya zo muku da tasa a karkace, gwiwa a sanyaye, ku ɗauko taku ku shimfiɗa kusa da ita, ku miƙa masa ƙoshiya. Kafin ranar, ku ɗaure ƙugu, ku ja zare, ku juya katin!