Mefiboshet Yana Cikinmu

Karatu: 2 Sama'ila 4:4, 9:1-13

Ku tuna da Mefiboshet ɗan Yonatan. Yana da shekara 5 sa'anda labarin yaƙi ya iso. Mai-renonsa ta ɗauke shi za ta gudu, garin sauri ya faɗi, ƙafafunsa biyu suka gurgunce. Ya girma a Lodebar, can ƙetaren Urdun, nesa da fada. Amma sarki Dawuda ya tambaya, ya aika aka ɗauko shi, ya zaunar da shi a teburinsa kamar ɗan sarki.

Yau ma akwai Lodebar. A ƙauyukan Mabai da sauran ƙasar Ƙanƙara, har Faskari da Sabuwa, akwai yara da ke rarrafe a tsakar gida, waɗansu ba su ji, waɗansu ba su gani. Asibiti da nisa, kuɗin mota da wuya, 'yan bindiga kuwa sun sa hanya ta zama abin tsoro.

Da fari, kada mu ce aikin iska ne ko alhakin iyaye. Almajirai sun yi irin wannan zato a kan makahon nan na Yohanna sura 9, Ubangiji kuwa ya kwaɓe su. Shan inna ƙwayar cuta ce. A shekara ta 2020 aka shaida cewa ainihin irinta ya ƙare a Afirka, amma waɗanda ta riga ta shanye suna nan tare da mu, ɗigon rigakafi kuma bai daina amfani ba. Sanƙarau yakan kurmantar. Ƙyanda takan makantar da yaron da ba shi da abinci mai-kyau. Doguwar naƙuda, da shawara mai-tsanani a kwanakin farko na jariri, sukan taɓa ƙwaƙwalwa har yaro ya kasa zama.

Na biyu, akwai taimako, jinkiri ne ke ɓata shi. Jaririn da aka haifa da ƙafa a murguɗe, idan an kai shi da wuri, akan miƙe ta da siminti mako mako, kamar sau 5 ko 6, kana a sa masa takalmi na musamman, ya yi tafiya sarai. Icce tun yana ɗanye akan tanƙwara shi. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana wannan irin aiki tun 1959. Iyayenmu cikin bangaskiya ma ba su nade hannu ba: an buɗe Asibitin Ido na Kano a 1943, da makarantar makafi ta Gindiri a 1953.

Na uku, ku lura Dawuda bai jira gurgu ya zo da kansa ba. Bari kowace ekklesiya ta rubuta sunayen yaran nan da ke unguwarta, na Kirista da na Musulmi duka. A ware baiko domin kuɗin mota. A aiki mutum ɗaya ya raka uwa wurin masu-gashin ƙashi, ya koyi yadda ake motsa gaɓoɓi, ya komo ya koya wa sauran iyaye, gama aikin na kowace rana ne, a gida ake yinsa. Kafinta ya kafa itace biyu inda yaro zai dafa ya koyi tsayuwa. Maƙeri ya gyara keken guragu. Malami ya ba shi wuri a gaban aji. Dokar ƙasa ta 2019 ma ta hana a nuna wa naƙasassu bambanci.

Dukanmu guragu ne a gaban Allah, zunubi ya kashe mana ƙafa, Yesu ne ya neme mu ya kawo mu teburinsa. Wanda aka yi wa wannan alheri, ƙaƙa zai wuce yaron maƙwabcinsa? Tashi ka tambaya cikin makon nan: wanene ya rage a Lodebar?

Ubangiji ya ba mu zuciya irin tasa. Amin.