Wanda Bai Yi Nufin Mugunta Ba, Alhaki Yana Kansa?

Sa'ad da mace ta je rafi ɗiban ruwa, idonta yana yi mata aiki. In ta ga ruwan ya gurɓace, ko ta ga sawun shanu a bakinsa, sai ta matsa gaba, ko kuwa ta kai gida ta bar shi ya kwanta, ta tace. Ruwan famfo ba haka ya ke ba. Mai buɗe famfo bai ga rijiyar da aka jawo ruwan ba, bai ga bututun da ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ba, bai kuwa san mutumin da ke zuba wa ruwan magani ba. Ya kan tara moɗa ya sha, ya ba ɗansa, bisa amana kaɗai. To, in wanda aka ba amanar ya yi sakaci har mutane suka mutu, amma a zuciyarsa bai nufi kowa da mugunta ba, me za mu ce da shi? Ga labarin wani gari da aka yi wannan tambaya a cikinsa da hawaye.

Sunan garin Walkerton, yana cikin lardin Ontariyo a ƙasar Kanada, arewa maso yamma da birnin Toronto. Ƙaramin gari ne na manoma da masu kiwon shanu, mutanensa wajen 4,800. Ruwan shansu daga rijiyoyin burtsatse ya ke fitowa, inji ya tura shi cikin bututu zuwa gida gida. Ɗaya daga cikin rijiyoyin, wadda a ke kira Rijiya ta 5, an haƙa ta a 1978, zurfinta kuwa kamar ƙafa 50 ne kawai. Ƙasar da ke bisa dutsen wurin ba ta da kauri, dutsen kuma duk tsaga ne, saboda haka ruwan sama ya kan sami hanya ya gangara ciki da sauri. Ga kuma gonar wani mai shanu kusa da ita. A ƙarshen watan Afril na shekara ta 2000 manomin ya watsa takin shanu a gonarsa. Daga ran 8 zuwa 12 ga watan Mayu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, milimita 134, fiye da rabi kuwa ran 12 ɗin ya sauka. Ruwan ya kwashi ƙwayoyin cuta da ke cikin takin ya kai su rijiya. Mafi muninsu wani iri ne na ƙwayar da likitoci ke kira E. coli. Ya kan zauna cikin hanjin shanu bai yi musu kome ba, amma in ya shiga cikin mutum sai ya kawo zawo da jini, wani lokaci har ya kashe ƙodar ƙananan yara da tsofaffi.

Sai mai karatu ya fahimci aikin maganin da a ke zuba wa ruwan famfo, watau kulorin, gama a nan ne gindin maganar ya ke. In an zuba kulorin cikin ruwa, ya kan kashe ƙwayoyin cuta, amma shi ma yana ƙarewa wajen aikin. In ruwan mai tsabta ne, maganin ya kan ragu da yawa. In dauɗa ta shigo, sai ta cinye shi. Don haka a ke auna abin da ya ragu kowace rana, domin ragowar nan ita ce mai shaida: ran da aka auna aka ga babu, an san wani abu ya shiga rijiya, ko da ruwan yana nan garau kamar idon zakara. Ƙa'idar da aka ɗora wa Rijiya ta 5 ita ce a sami rabin miligiram na maganin cikin kowace lita bayan minti 15.

Mutum biyu ne ke riƙe da wannan aiki, wa da ƙane. Stan Koebel shi ne manaja, ƙanensa Frank shi ne shugaban ma'aikata. 'Yan garin ne, tun suna samari su ke aikin, kowa ya san su. Shekaru masu yawa al'adar ma'aikatar ita ce yawancin ranaku ba a auna maganin, sai dai a buɗe littafi a rubuta 0.5 ko 0.75, a rufe. Wani lokaci kuma a kan ɗebi ruwan gwaji a wuri guda, a manna wa kwalabar sunan wani wuri dabam. Ran 13, da 14, da 15 ga Mayu, sa'ad da dauɗa ke kwarara cikin bututun garin, an je Rijiya ta 5, an kuwa rubuta 0.75 cikin littafi, ba a auna ba.

Ran Laraba 17 ga wata ɗakin gwaji ya sanar da Stan cewa an sami E. coli cikin ruwan da ya aika. Bai gaya wa ofishin lafiya ba. Kashegari yara suka fara rashin zuwa makaranta. Wata likitar yara a garin Owen Sound, Kristen Hallett, ta ga yara biyu daga Walkerton da ciwo iri ɗaya, hankalinta bai kwanta ba, ta sanar da ofishin lafiya ran Jumma'a 19. Ma'aikatan lafiya suka buga wa Stan waya suka tambaye shi lafiyar ruwan. Ya ba su amsa mai kwantar da rai, bai ambaci takardar gwajin ba, bai kuma faɗi cewa kwana da kwanaki wata rijiyar, ta 7, tana aiki ba injin zuba magani a jikinta ba. Daga nan ya shiga wanke bututun garin yana ƙara magani da yawa, dare da rana. Ran Lahadi 21 babban likitan yankin, Murray McQuigge, ya ba da umurni kowa ya tafasa ruwa kafin ya sha, ko da ya ke ba shi da tabbaci a hannu tukuna. Ran Litinin mutum na fari ya rasu. Jirage masu saukar ungulu suka yi ta kwasar yara zuwa babban asibiti a London ta Ontariyo. Kafin abin ya lafa, mutum fiye da 2,300 sun kwanta, 7 sun mutu, cikinsu har da yarinya 'yar shekara biyu da rabi. Waɗansu kuma sun tashi da ciwon ƙoda wanda bai rabu da su ba.

Yanzu fa ga wuyar maganar. Gwamnati ta naɗa alƙali Dennis O'Connor ya bincika, ya ba da rahotonsa a 2002, bai kuwa sami cewa mutanen nan biyu sun yi nufin cutar kowa ba. Sun gaskata da zuciya ɗaya ruwan rijiyoyinsu mai kyau ne. Ma'aikatan su kan sha shi ɗanye a bakin rijiya tun ba a zuba magani ba. Takardar shaidar aikinsu an ba su ne saboda daɗewa a aiki, ba a yi musu jarrabawa ba, ba su kuwa san cewa akwai irin E. coli mai kisa ba. Mutanen gari ma su kan yi gunaguni in sun ji ɗanɗanon magani a ruwa. Wani zai ce, to, ai wannan tsautsayi ne, tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Mutumin da ya sha ruwan da bakinsa, iyalinsa suka sha, yaya za a ɗora masa jinin maƙwabtansa?

Wannan hujja tana da nauyi, kada mu raina ta. Akwai bambanci na gaske tsakanin mai zuba guba a rijiya da mai gyangyaɗi a bakin aiki, kowace shari'a mai adalci kuwa ta san da shi. Amma ni a ganina hujjar ta tsaya a rabin hanya. Ba a ɗauki Stan da Frank aiki domin su gaskata ruwan yana da kyau ba. Kowace tsohuwa a garin ta gaskata haka, ba a kuwa biyanta albashi. An ɗauke su domin su auna. Aka ba su abin awo musamman domin zaton mutum ba abin dogara ba ne a kan abin da ido ba ya gani. Alƙalin ya nuna cewa dauɗar da ta shiga ta yi yawa har mai yiwuwa ne ta fi ƙarfin maganin ko da an zuba shi daidai, amma da an auna ran 13 da an ga maganin ya ƙare, a rufe rijiyar, a gargaɗi mutane, cutar kuma da ba ta kai inda ta kai ba. Aikin da ba ya cin minti goma.

Sa'an nan ku dubi lambar nan da aka rubuta. In mutum ya tabbata awon banza ne, yana da hanya biyu masu gaskiya: ya bar gurbin ba rubutu, ko ya je ya gaya wa na gaba da shi, ni ba na aunawa, ga dalilina. Wanda ya rubuta 0.75 ya nuna ya san abin da a ke nema gare shi, ya kuma san wani zai zo ya duba littafin ya dogara da shi. Rashin sani ya rufe masa girman hatsarin, amma bai rufe masa cewa abin da ya ke rubutawa ƙarya ne ba. Ga abin ban tsoro kuma: ƙaryar nan ta yi shekaru ba ta kashe kowa ba. Kowace safiya da aka rubuta ta aka kwana lafiya, sai ta ƙara zama kamar ba kome ba ce. Na tabbata cikin masu karanta wannan akwai ma'ajin ekklesiya, da malamin makaranta mai kiran suna, da mai ba da magani a ɗakin shan magani, kowa da littafin da ya ke cikawa, kowa kuma ya san daɗin rubuta abin da ya saba gani maimakon tashi ya duba.

Dokar Musa ta san irin wannan laifi. A Kubawar Shari'a sura 22 an umurci mai gina sabon gida ya ja rawani kewaye da rufin soronsa, domin kada wani ya faɗo, jininsa ya zama a kan gidan. Ba a ce maigidan ya tura kowa ba. Mai yiwuwa ne ma shi da kansa ya kan kwana a kan soron da bazara.

Abin da ya fi kama hankalina cikin binciken shi ne hukuncin da aka yi wa manomin. Daga shanunsa cutar ta fito, an gwada an tabbatar. Duk da haka alƙali ya wanke shi sarai, gama ya bi dukan ƙa'idar watsa taki yadda ya kamata. Mu kuwa da an bar mu, da shi za mu fara nuna wa yatsa, tun da ya ke kashin shanunsa ne. Ashe ba a neman alhaki inda dauɗa ta fito, sai inda aka ajiye mai tsaro.

Shirun da Stan ya yi daga ran 17 ya fi na littafin nauyi, a nan kuwa uzurin rashin sani ya ƙara ƙanƙancewa. Yana da takarda a hannu, yara suna kwance, masu neman dalili sun tambaye shi kai tsaye. Ya zaɓi kalmomin da za su kawar da hankalinsu, alhali hannunsa yana can yana zuba magani. Mai wanke bututu dare da rana ya san akwai abin wankewa. Ina tsammani ya so ya gyara ɓarnar a ɓoye ne, ya ceci garin ya ceci sunansa gaba ɗaya, kowanenmu kuwa ya san wannan jaraba. Amma wanda ya riga ya sha ruwan, da wanda zai sha da daren nan, ba wankin bututu su ke bukata ba, kalma ɗaya su ke bukata, a ce musu su tafasa. Alƙalin ya ƙiyasta cewa da Stan ya faɗi gaskiya ran 19, da an ba da gargaɗin a ranar, da mutum 300 zuwa 400 ba su kamu ba.

Kada kuwa mu tsaya kan mutum biyu mu manta da na bisansu, gama alƙalin bai manta ba. A 1996 gwamnatin lardin, garin rage kashe kuɗi, ta daina gwada ruwan garuruwa a ɗakunan gwajinta, ta bar wa 'yan kasuwa, ba ta kuwa kafa dokar da za ta tilasta musu su sanar da ofishin lafiya in sun ga mugun sakamako ba. Shi ya sa takardar ran 17 ta tsaya a hannun mutum ɗaya. Masu duba aiki na ma'aikatar kula da muhalli sun zo a 1998, sun ga alamun sakaci, sun rubuta, ba su koma sun tabbatar an gyara ba. Ba a kuma sa wa Rijiya ta 5 injin da ke auna magani da kansa ya rufe famfo in ya ƙare ba, ko da ya ke irin rijiyar da ta cancanci haka ce. Har shugaban gwamnatin lardin, Mike Harris, sai da ya zo ya amsa tambayoyi a 2001. Su ma babu wanda ya nufi kowa da mugunta. Sai dai yawan masu laifi ba ya raba alhaki kamar yadda a ke raba gado, kowa ya sami kaɗan. Kowanensu an sa shi a wurinsa ne domin in na kusa da shi ya kāsa, shi ya tare.

Mutanen Walkerton sun yi ta tafasa ruwa har ran 5 ga Disamba na wannan shekara. Lardin ya kafa sabuwar dokar ruwan sha a 2002, ya wajabta wa masu aikin ruwa horo da jarrabawa, ya wajabta wa ɗakunan gwaji su sanar da hukuma nan da nan. A watan Disamba 2004 wa da ƙanen suka tsaya gaban kotu, bayan sun amsa laifin jefa jama'a cikin hatsari. Aka yanke wa Stan ɗaurin shekara ɗaya, Frank kuwa wata tara na tsare a gida. Waɗansu a garin suka ce hukuncin ya yi sauƙi ƙwarai in an tuna da kaburbura bakwai, waɗansu kuwa suka ce an kama ƙananan ne an bar manya.