Baƙin Cikin Tsofaffinmu: Tsufa Ne Ko Ciwo?



A kusan kowane majami'a akwai kujerar da wata tsohuwa ta saba zama a kai, wadda yanzu babu kowa. Idan aka tambaya, sai a ce, "Ai Mama tsufa ya kama ta." Ba ta son abinci, barci yana ƙwace mata tun kafin carar zakara, jikoki suna wasa a gabanta ba ta ko murmushi. Mukan karɓi wannan amsa da sauri domin tana sauke mana nauyi. Amma daidai ne mu kira ciwo da sunan tsufa?

Likitoci suna kiran wannan hali ciwon damuwa mai tsanani, kuma yana da magani. Binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta daga Ibadan, wanda aka buga a 2007, ya gano cewa kimanin kashi 7 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama sun yi fama da shi a cikin shekara guda. Tsoho ba safai yake cewa ransa ya ɓaci ba. Zai ce gaɓoɓi ne, ko kai, ko ƙirji, sai a sayo masa maganin ciwon jiki a kemis.

Wasunmu kuma suna cewa rashin bangaskiya ne. Wannan hukunci ya yi nauyi, kuma ba shi da tushe. Annabi Iliya da kansa ya zauna a jeji yana roƙon mutuwa. Allah bai tsauta masa ba. Mala'ika ya kawo masa abinci da ruwa, aka bar shi ya yi barci, daga baya aka yi maganar aiki. Abin da ya fi muni shi ne inda tsohuwa mai yawan kaɗaici da surutu ita kaɗai take samun sunan mayya.

Gaskiya ne hanyar magani tana da nisa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware, amma gwauruwar da ke ƙauye ba ta da kuɗin mota, balle mai rakiya. An sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, sai dai doka ba ta ɗaukar mutum zuwa asibiti. Ɗa ne zai ɗauka, ko maƙwabci, ko Zumuntar Mata.

A ganina doka ta huɗu ba ta ƙare a kan buhun masara da kuɗin Kirsimeti ba. Katekis da masu kai wa marasa lafiya Jibin Ubangiji su ne suka fi shiga ɗakunan nan. Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu, ko tsoho ya fara cewa gara ya mutu, a sanar da iyali da Fada, a kai shi ga ma'aikacin lafiya mafi kusa. Maganin yakan ɗauki makonni kafin ya fara aiki, don haka kada a daina ba shi a mako na farko.